Yadda Ake Karanta Katin Mutuwa a Tarot

Duk wanda ya fara ganin kati na 13, wato katin Mutuwa, sai gabansa ya faɗi. Ƙwarangwal ne sanye da baƙin sulke, a kan farin doki. Amma a cikin katunan tarot 78, wato katuna masu hotuna da wasu ke duba da su, shi ne na fi daɗewa ina kallo, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Ni ba duba nake yi da shi ba, gaibu sai Allah. Asalin tarot ma wasan karta ne na fadawan arewacin Italiya a ƙarni na 15. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi da'awar cewa asirin tsohuwar Masar ne, ba tare da wata hujja ba. Abin da ke jana shi ne hoton, domin waɗanda suka zana shi ba su sa komai a banza ba.

Ka nemi zubin katunan tarot da aka buga a Landan a 1909, wanda Pamela Colman Smith ta zana bisa tsarin Arthur Edward Waite. Ka ajiye ɗan littafin da ke cikin kwalin tukuna. Ido ya fara aiki.

Kada ka fara da mahayin, ka fara da ƙasa. Sarki na kwance, kambinsa ya faɗi gefe. Babban limamin coci na tsaye cikin rigar alfarma, ya haɗa tafin hannu yana roƙo. Budurwa ta durƙusa ta kau da fuska, ba ta iya kallo. Sai ƙaramin yaro, ya ɗaga kai yana kallon mahayin ido cikin ido, da fure a hannunsa. A ganina nan zuciyar katin take. Abu ɗaya ne ya tunkaro su huɗun, kowa da yadda ya tarbe shi, kuma dokin bai tsaya wa kowa ba. Ka lura, tafiya yake a natse, ba sukuwa ba.

Daga nan ka ɗaga ido. Tutar baƙa ce, amma farin fure ne a tsakiyarta, wanda Waite ya ce alamar rayuwa ne. Can baya akwai kogi da ɗan jirgin ruwa, sannan rana tsakanin hasumiya biyu. Masu karatun katin sun sha gardama kan ko fitowa take yi ko faɗuwa.

Yanzu sai fassara. Waite kansa bai sassauta ba, ya ce ƙarshe ne da rushewa. Na baya-bayan nan sun fi ɗaukarsa a matsayin rufewar wani babi: aikin da ya ƙare, abotar da ta daɗe da sanyi, gidan da za a tashi daga cikinsa. Ba na jin daɗin masu gaggawar cewa "sabuwar rayuwa ce kawai", suna tsallake sarkin da ke kwance. Rabuwa na da ciwo, hoton kuma bai ɓoye ba.

Idan katin ya fito kai ƙasa, ana fassara shi da tsayawa cik, wato abin ya ƙare amma mutum ya ƙi sakinsa. A shimfiɗar kati uku kuwa, ta jiya da yau da gobe, ka duba inda ya faɗo. In a gurbin jiya yake, maganar ta riga ta wuce.

Sai gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi. Kada ka taɓa ce wa wani katin nan ya nuna ajalinsa ko na ɗan'uwansa. Takarda ce da aka buga a maɗaba'a. Mai jinya asibiti yake buƙata da addu'a, ba tsoratarwa ba.

In ka gama, ka ɗauki biro ka rubuta wanne ne kai a cikin mutum huɗun nan, game da abin da ke damunka yanzu. Bayan haka ka nemi tsohon zubin Marseille na Faransa ka kwatanta. A can babu doki babu tuta, ƙwarangwal ne riƙe da ƙaton lauje yana girbi, kawuna da hannuwa warwatse a ƙasa, kuma a yawancin bugunsa ba a ma rubuta wa katin suna ba, lamba kawai aka sa.