Yadda mai ƙona zinare zai tsare kansa da iyalinsa daga gubar zaiba

Tun bayan abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, mutanen Anka da Bagega sun san haɗarin niƙa dutsen zinare a gida. Amma zaiba, ruwan ƙarfen nan mai walƙiya da ake kama zinare da shi, har yau ana ɗaukarta ba a bakin komai ba. A ɗakin shan maganin da nake aiki, abin da nake fara gani shi ne rawar hannu: ƙato majiyi ƙarfi ya ɗauki kofin shayi, kafin ya kai baki ya zubar da rabi. Sai saurin fushi, mantuwa, rashin barci, dasashi yana jini. Daga baya ƙoda ta taɓu.

Wajen ƙonawa ne babbar ɓarnar take. Idan ka ɗora dunƙulen zaibar da ta kama zinare a cokali bisa garwashi don zinaren ya rage, zaibar tana tashi tururi marar wari marar launi, huhu kuwa yana tsotse kusan kashi 80 cikin 100 na wanda ka shaƙa. Saboda haka kada ka ƙona a ɗaki, ko madafi, ko tsakar gida. Fita fili nesa da gidaje, ka ba iska baya. Yara da masu juna biyu kada su ko matso, domin gubar tana ratsa mahaifa ta kai ƙwaƙwalwar jariri. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare ta. Abin da ke aiki shi ne rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu, wadda mai walda zai iya haɗa maka. Bakin bututun ya shiga ruwa, tururin ya huce ya koma zaiba, ka sake aiki da ita. Kada ka buɗe sai ta yi sanyi.

Kayan aiki a bar su wurin aiki, ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗanka. Zaiba a kwalba mai murfi, da ɗan ruwa a samanta. In ta zube, tsintsiya watsa ta take yi. Tattara ta da kwali, a buɗe tagogi.

Maganar shan nono bayan ƙonawa, don Allah a daina dogaro da ita. Nono ba ya wanke zaiba, jiƙo ma haka, wani jiƙon ma ƙara wa ƙoda wahala yake yi. Maganin da ke hannunka shi ne yanke shaƙar. Da ka daina, jiki da kansa yakan fitar da kusan rabinta cikin wata biyu. Taimaka masa da ruwa mai tsafta da abinci mai gina jiki irin ƙwai da wake da zogale, ka guji kifin tafkin da ake wankin zinare.

Wanda hannunsa ya fara rawa kuwa, babban asibiti zai nufa a auna fitsarinsa. Akwai magungunan da ke kamo gubar su fitar da ita, amma sai da likita, kuma ka faɗa masa sana'arka tun a farkon magana.