Yadda Nake Amfani da Alobera a kan Ƙaramar Ƙuna

Ina da shukar alobera a tukunya, amma idan wani ya ƙone ba ita nake fara nufa ba, famfo nake nufa. Zafi yana ci gaba da cin nama ko bayan an janye hannu daga wuta, don haka a tara wurin ruwa mai sanyi yana zuba a kai har minti 20. A duba agogo, domin mutum yakan ƙosa tun a minti na 5. Banda ƙanƙara, tana tsuke jijiyoyin jini ta ƙara lalata fatar. Zobe da agogo a cire su tun wurin bai kumbura ba, tufar da ta manne kuwa a ƙyale ta.

Sai a dubi ƙunar da kyau. Wadda nake yarda ganye ya taɓa ita ce ta sama-sama: fata ta yi ja, tana raɗaɗi, faɗinta bai kai tafin hannun mai ita ba. Idan wurin ya yi fari ko baƙi, ya bushe, kuma mai shi ya ce ba ya jin zafi, kada a yi murna, jijiyoyin da ke jin zafi ne suka ƙone. Wannan sai asibiti. Haka ƙunar fuska, al'aura, kan gaɓa, ta lantarki ko ta sinadari, da ta jariri, tsoho ko mai ciwon suga.

Ganyen da nake yanka shi ne na ƙasa, mai kauri. Ina tsayar da shi a kofi, bakin yankan yana kallon ƙasa, kamar minti 15. Wani ruwa rawaya mai ɗaci zai tsiyaye, shi ne ke sa ƙaiƙayi, kuma a nan masu gaggawa ke ɓata aikin. In ya gama ɗiga sai in wanke ganyen, in yanke ƙayoyin gefe, in fere bayansa, in kankaro tsokar nan mai yauƙi, garai-garai, da cokalin da na tafasa. Ina fara ɗan goga ta a lafiyayyar fata, domin akwai jikin da ba ya shiri da ita. Sannan in shafa kaɗan, sau 2 ko 3 a rana, kowane lokaci da sabon yanka. A rufe da bandejin da ba ya mannewa, ba a ɗaure tamau ba. Auduga ba ta da wuri a nan, zarenta liƙewa yake yi.

Bororo ba a fasa shi. In ya fashe da kansa, ni dai daga nan na ajiye ganyen gida, tunda duk wankin da zan yi bai kai tsabtar maganin da aka tace ba. Garin busasshen ganye ko toka kuwa ko kusa, hanyar tetanus ce, cutar da ke sandarar da jiki.

Wannan gargaɗin ba yana nufin likitoci sun raina tsirrai ba ne. Wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna alobera na saurin warkar da ƙuna marar zurfi. Wani magani mai suna NexoBrid, da ake narkar da mataccen nama da shi a ƙuna mai zurfi, daga karan abarba ake tatso shi. Turai ta amince da shi a 2012, Amurka a 2022. Sai dai a asibiti ake sa shi, na awa 4, tare da maganin kashe zafi mai ƙarfi. Kada wani ya ji haka ya je ya daka abarba.

Kullum in za a canza bandeji a lura. Idan ja yana yaɗuwa, ko mugunya, wari ko zazzaɓi suka bayyana, ko mako 2 ya cika wurin bai rufe ba, a kai wa likita, a kuma faɗa masa abin da aka shafa.