Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sauya Fiyus ɗin Amfilifaya

An sa fiyus a bayan amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ne domin ya ƙone kafin taransifoma da wayoyin ciki su ƙone, kuma yawancin ɓarnar da ake yi wajen sauya shi daga mance wannan take tasowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saka wanda ya fi ƙarfin abin da kamfani ya rubuta, wai don kada ya sake yankewa, har wasu sukan naɗe ƙonannen da zaren waya, abin da ke cire kariyar gaba ɗaya. Gyaran shi ne a karanta rubutun da ke jikin tsohon fiyus ɗin ko kusa da mazauninsa, a sayo irinsa harafi da harafi. Idan an ga T2AL250V, wannan mai jinkirin yankewa ne, na amfiya 2 da bolt 250.

Harafin farkon nan shi aka fi rainawa. A lokacin kunnawa, taransifoma da manyan kafasito, wato kayan da ke ajiye wuta, sukan zuƙi wuta mai yawa na ɗan ƙanƙanin lokaci, saboda haka mai harafin F, wato mai saurin yankewa, yakan ƙone a wurin da aka ce a sa T ko da injin lafiyarsa ƙalau. Idan kuma aka sa T inda ake son F, wutar za ta iya yin ɓarna kafin fiyus ɗin ya yanke.

Kayan da aka shigo da su daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, sukan zo da fiyus na bolt 125. Idan injin yana da maɓallin juya shi zuwa bolt 230 irin ta Najeriya, dole a sauya fiyus ɗin ma, kuma galibi amfiyar takan koma kusan rabi.

Akwai kuma masu tsada, masu bakin zinariya, da ake tallatawa cewa suna ƙara daɗin sauti, har da kibiyar nuna gefen da za a saka su, alhali wutar soket kai da kawowa take yi, don haka gefen ba shi da wani tasiri. A ganina, alamar ingancin gwaji irin ta UL, wato kamfanin Amurka mai gwada amincin kayan lantarki, ta fi zinariyar muhimmanci.

Idan sabon fiyus na daidai ya ƙone nan take, matsalar tana ciki, sau da yawa a ƙananan kayan ciki irin su taransisto ko dayod. A cire fulogi a kai wa mai gyara, domin kafasito kan riƙe wuta ko bayan an kashe injin.