In 'yan sanda sun ƙwanƙwasa ƙofa ana cikin fati a Amurka

Makwabta sun kira 'yan sanda wai kiɗa ya yi ƙarfi, to wannan kaɗai bai ba su ikon shiga gidanka ba, gyara na 4 na tsarin mulki ya kare ka. Ka fito ka ja ƙofa, a rage sauti, ka yi musu magana cikin ladabi. In sun ce za su shiga ka tambaya ko suna da waranti daga alƙali, in babu ka faɗa a fili ban yarda ba, kuma ka ja kunnen baƙinka kar wani ya ce musu ku shigo.

Amma fa akwai inda ba sa buƙatar takarda, kamar in rai na cikin haɗari ko ana ƙoƙarin ɓatar da hujja. A 2006 Kotun Ƙoli ta ba 'yan sandan Brigham City a jihar Utah gaskiya, wajen ƙarfe 3 na dare suka hango wani yaro ya naushi babba har yana tofar da jini, suka shiga. In sun kutsa duk da ka ƙi, don Allah kar ka tare su da jiki, ka riƙe sunayensu ka nemi lauya.