Yadda ake rubuta ma'aunin sent in ana saita garaya da fiyano

Mai garaya ko kukuma daga ƙauyukan Gumel ko Dambatta, in zai shiga situdiyo a haɗa kiɗansa da fiyano, sai an auna tsirkiyarsa da manhajar waya. Lambar da ke fitowa gefen harafin sunan sauti, kamar +14 ko −20, ita ce sent, wato yadda sautin tsirkiyar ya ɗara ko ya gaza na fiyano. Baturen Ingila Alexander Ellis ne ya fito da ma'aunin a shekarun 1880. Daga maɓallin fiyano zuwa maƙwabcinsa sent 100 ne, daga sauti zuwa ninkinsa kuwa 1200.

Wajen rubutawa ake tafka kuskure. Gajartawa uku ake gani: c da ¢ da ct. Ka guji c ita kaɗai, domin C sunan sauti ne a fiyano. In ka rubuta "20 c" a takarda, mai haɗa sauti zai iya ɗauka maɓallin C kake nufi, musamman a rubutun hannu da babban harafi da ƙarami ke kama. Alamar ¢ daidai ce, littattafan kiɗa na amfani da ita, sai dai a allon rubutun waya a ɓoye take, kuma wasu za su zata kuɗin Amurka ne. Don haka ct ta fi, ko ka rubuta "sent" cikakke.

Tsarin shi ne harafi, alama, lamba, gajartawa: G −20 ct. Kada ka bar alamar + ko −. Ita ke nuna sautin tsirkiya ya hau ne ko ya sauka. A saman shafi ka sa A = 440 Hz (wato sautin A na kaɗawa sau 440 a daƙiƙa) da kwanan wata, saboda fatar ƙwarya na ɗaurewa da hunturu, ta saki da damina.

Hz da sent ba ɗaya ba ne. A kusa da 440, Hz ɗaya kusan sent 4 ne, a kusa da 110 kuwa ya kai kusan 16.

In ka kaɗa tsirkiya, ɗan dakata kafin ka karanta, don sautin kan fara da ɗan hawa sannan ya zauna. Auna sau uku, ka ɗauki na tsakiya. Bambancin da bai kai sent 5 ba kunne bai cika kamawa ba, ƙyale shi. Kuma kada a tilasta wa garaya komawa sifili, muryarta ce za ta ɓace. Fiyanon ake gyara wa saiti da lambar da ka rubuta.