Yadda Nake Auna Motsin Lasifika da Ƙaramar Radar

Makirufo sauti yake ji, kuma kafin sautin ya iso gare shi ya gauraya da amsa-kuwwar bango da ƙarar janareton maƙwabta. Radar ba ruwanta da wannan. Takardar lasifikar take kallo, ta gaya maka yadda take fitowa da komawa. Kamfanonin ƙera lasifika kuwa, da hasken leza suke wannan aiki, irin na'urorin kamfanin Klippel na Jamus, sai dai kuɗinsu ba na mai shagon gyara ba ne.

Ni HB100 nake amfani da ita, 'yar na'ura mai girman kwalin ashana da aka yi don gano motsi. Tana cin volt 5, tana fitar da igiyar rediyo ta 10.525 GHz, wadda tsawonta ya kai kusan santimita 2.85. Siginar da ke fita ta ƙafarta mai suna IF ba ta da ƙarfi ko kaɗan, don haka sai ka haɗa mata ƙaramar amfilifaya, LM358 ma ta isa, ka kai ta mashigar sauti ta kwamfuta. Manhajar REW kyauta ce, ita za ta ba ka sautin gwaji, ta kuma nuna maka abin da ya dawo.

Yanki ɗan fallen alminiyam kamar farcen yatsa, ka manna a tsakiyar takardar, domin takarda zalla ba ta mayar da igiyar sosai. Kada ya yi nauyi, nauyi yana canza halin lasifikar. Kafa radar a gabanta, tazarar santimita 20 zuwa 30, a kan abin da ba ya girgiza tare da ita. Kashe fanka da doguwar fitila mai farin haske, radar tana ganinsu. Ba radar wuta daga batir don kauce wa gurnanin 50 Hz na wutar gari.

Ga inda aikin yake. Kunna sautin 40 Hz a hankali, ka riƙa matsar da radar gaba da baya, milimita ɗaya-ɗaya. Za ka ga siginar tana ƙarfi tana mutuwa, kusan duk bayan milimita 7. A inda ta mutu, layin 80 Hz ne zai miƙe a allon REW maimakon na 40. Ka tsaya inda 40 ya fi tsayi, 80 ya fi ƙasa, ka ɗaure ta a nan. Wanda ya tsallake wannan mataki, duk abin da ya auna banza ne.

Kuma don Allah kada ka buɗe murya. Muddin takardar ta wuce kusan milimita 1 a motsinta, radar da kanta za ta fara ƙirƙiro ƙarin layuka, ka ɗauka koyil ne ke gogar maganaɗisu, ka je ka farke lasifika mai lafiya. Wannan yana ci mini rai, domin naɗin koyil mai kyau ba ƙaramin aiki ba ne. Babban motsi sai radar mai mafitar sigina biyu, waɗanda ake kira I da Q.

In komai ya zauna, sa resista mai ohm 100 a layin lasifikar, ka bi sauti daga 20 zuwa 200 Hz. Inda motsi ya fi yawa, kusa da nan lasifikar take rawarta ta asali, wato adadin Hz ɗin da takardar ta fi sauƙin girgiza a kansa. Auna wadda ka gyara, ka sa 'yar'uwarta mai lafiya a wuri ɗaya da wuta ɗaya, ka sake saita tazarar. In rawar asali ta wadda ka gyara ta fi ta mai lafiyar yawan Hz sosai, bakin takardar ko abin da ke riƙe koyil ya yi tauri, galibi yawan gam ne.

Kada ka wahalar da kanka da tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti. Sama da wancan wurin rawa, duk sanda adadin Hz na sautin ya ninka, motsin yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, har ya nutse cikin hayaniyar na'urar. Wannan hanya ta lasifikar bes ce.