A auna kwanson harsashi kafin a sake cika shi

'Yan uwa masu sake cika harsashin bindigar farauta, don Allah kada a yi sakaci da tsawon kwanso. Duk harbi da duk matsewa a cikin mazubi (ƙarfen da ke mayar da kwanso girmansa na asali), tagullar kwanson tana ɗan miƙewa ta wajen wuya. Idan tsawon ya zarce ƙa'ida, bakin kwanson zai cusa cikin maƙogwaron bututu ya shaƙe kan harsashin, ƙarfin albarushi ya hauhawa. Abin da zai biyo baya a gaban fuskarka yake faruwa.

A auna bayan an matse, ba kafin ba, domin matsewar ce ke ƙara tsawo. A harsashi samfurin .308 Winchester iyakar tsawon kwanso inci 2.015 ne, a yanke zuwa 2.005. A .223 Remington kuwa iyaka 1.760, a mayar 1.750. Bayan yanka a goge kaifin baki ciki da waje, kada ya kankare harsashi wajen zaunar da shi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne siririn zobe mai ƙyalli kusa da gindin kwanso. Tagullar da kake yankewa daga can ta taho, don haka wurin ya rage kauri, yana iya tsagewa. Lanƙwasa bakin siririyar waya ka shafa cikin kwanson. In ta maƙale a wani rami, jefar da kwanson.